Tukunyar da Baba Yaji Bai Binne Ba

Sau ɗaya tak na taɓa ganin surukina Baba Yaji da lofen shan taba a baki, kuma ranar akwatina na ajiye a bakin zaure, ɗaure da igiya, ana jiran ɗan acaɓa ya kai ni tashar motar Damagum. Har yau in na tuna ranar ban san wanda ya kamata in yi fushi da shi ba. Na gwada Ya Kaka, na gwada mijina, na gwada shi kansa tsohon, har matar da ta rasu ban taɓa ganinta ba na gwada. Fushin ya ƙi zama a kan kowa.

Sunana Murjanatu, 'yar Damagum ce ni, kuma tun a gidanmu an san bakina ba ya jiran a tambaye shi. A 1992 aka kawo ni Potiskum, unguwar Hausari. Mijina Auwal malamin dabbobi ne, yana duba shanu a kara, wato kasuwar shanu, kuma yana da haƙuri irin wanda ke sa mace ta ji kamar ta kama shi ta girgiza. Na tarar da mahaifinsa Baba Yaji a gidan, da Ya Kaka, yayar Baba, wadda ta dawo gaban ƙaninta bayan rasuwar mijinta, ta kuma riƙe gidan kamar ita ta gina shi. Uwar Auwal, Hansatu, ta rasu shekara uku kafin zuwana. Ɗakin da aka sa ni shi ne madafarta a da, aka ƙara masa gini, aka yi masa rufin kwano.

Baba Yaji dogo ne, siriri, mai faɗin tafin ƙafa. Tun bai yi gemu ba ya shiga koren shanu. A ƙasa suke kora su daga Potiskum har Kurmi, wata biyu a hanya, wani lokacin uku. A can ya koyi shan lofe wurin wani tsohon makori. Ya ce hayaƙin na korar sauro da ƙudan tsando, yana kuma lallashin ciki in abinci ya yi nisa. Da manyan motoci suka karɓe aikin, sai ya koma bin fatake sayen shanu a ƙauyuka. Da gwiwa ta gaza, ya samu inuwa a bakin kara yana tufka igiya yana sayar wa masu shanu. Bai tara komai ba sai gidan nan da sunan kirki, da kuma abu ɗaya da tsofaffin kara ba su daina magana a kai ba: tabarsa.

Ban tarar da shi yana sha ba. Ya daina tun ranar sadakar ukun Hansatu. Amma bakinsa bai daina ba. In ina tsince shinkafa yana tufka a gindin darbejiya, sai ya fara labarin taba, ko na tambaya ko ban tambaya ba. Da haka na haddace aikin da ban taɓa yi ba.

Bayan kaka yake sayen ganye wurin masu fadama, manyan ganye, waɗanda suka fara zama ruwan ɗorawa. Ya rataye su a rumfa inda rana ba ta taɓawa, har su koma launin hanta. Ya zare musu jijiya ɗaya bayan ɗaya. Ya jiƙa dabino a ruwan zuma ya yayyafa musu, kaɗan, ba a jiƙa su sharkaf. Daga nan ya jera su ya rufe da tabarma ya danne da dutsen niƙa.

“A nan ne take zazzaɓi, 'yar nan,” in ji shi. Bai taɓa kiran sunana ba. “In kika sa hannu za ki ji ɗumi kamar jikin yaro. Duk kwana biyu sai an juya ta. Ki yi sakaci sau ɗaya, ta ruɓe, aikin shekara ya tafi.”

In zazzaɓin ya sauka, ya cure ta, ya naɗe a fatar akuya, ya sa a tukunyar ƙasa, ya kife kasko a baki, ya liƙe da laka haɗe da kashin shanu. Tun lakar na ɗanya yake yi mata zane uku da ɗigo, irin shaidar da ubangidansa na farko ke yi wa shanu a cinya. Sai ya haƙa rami a bayan ɗakinsa, ya zuba toka saboda gara, ya binne. Damina uku take yi a ƙasa. Kowace shekara ya binne ɗaya ya tono ɗaya, saboda haka kullum uku ke kwance. Ya ce taba sabuwa tana cizon maƙogwaro, wadda ta kwanta kuwa sai ta yi sanyi, ta yi ƙamshi, ka sha ba ka yi tari ba.

Ni dai na kasa gane yadda mutum zai yi wa ganye wannan hidima don kawai ya ƙona shi. Na faɗa masa haka. Ya yi dariya ya ce uwar yaron ma haka take cewa. Auwal ɗan fari ne, shi ya sa ba ya kama sunansa, sai dai ya ce yaron.

Hansatu ta tsani tabar, kowa ya shaida. Ta ce tana wari a tabarma, tana wari a riga, kuma a gidan mutane ana binne hatsi ne a rumbu, ita a gidanta ana binne hayaƙi. Shi kuma yana da doka: mace ba ta taɓa masa ganye. Wai hannun mata na da albasa da daddawa, yana kashe taba. A kan haka suka yi faɗansu mafi tsawo. A 1983, shekarar da ciwon bushiya ya kwantar da shanu, ya danne ganyensa da dutse ya bi wani falke wajen Gaidam, da niyyar kwana biyu. Cutar ta rutsa da su, aka hana shanu motsi, bai dawo ba sai bayan wata biyu. Ya tarar an share wurin tas, tabarma a naɗe, dutse a mazauninsa. Ya tambaya, Hansatu ta ce, “Ta ruɓe, na zubar.”

Mako guda bai ci tuwonta ba. Bayan damina uku, da layin waccan shekara ya zo babu abin tonowa, sai tabar kasuwa ya sha, yana tari yana mita. Kuma da bakinsa ya gaya mini, yana sunkuyar da kai, cewa har ta koma ga Allah ba su taɓa saɓani ba tare da ya jefa mata maganar ba. Da ta rasu abin ya dame shi. Ranar sadakar uku ya tone tukwanensa duka uku a gaban mutane, ya raba wa abokansa na kara, ya rantse da Allah ba zai ƙara sa lofe a baki ba.

Lokacin da abin da zan faɗa ya faru, a daminar 1994, kan Baba ya fara ruɗewa. Ba sosai ba. Yakan manta inda ya ajiye carbi, yakan yi alwala sau biyu, wata rana ya kira 'yata Khalida, wadda ke rarrafe, da sunan Hansatu. Abin da ya wuce shekara talatin kuwa yana nan a kansa daram.

Ni kuma ina da tawa matsalar da Ya Kaka. Tun da aka yi sabuwar jiha aka mai da hedikwata Damaturu, an yi wa Auwal tayin komawa can sau biyu, da ƙarin girma, yana ƙi. Dalilinsa a fili yake: ba zai bar mahaifinsa ba. Amma Ya Kaka ba ta ga haka ba. Ta ce yaron da ke da zuciya kafin aure yanzu ya zama kamar an ɗaure masa ƙafa a turke, daga ofis sai ɗaki. Ba ta taɓa cewa ni na ɗaure shi ba. Takan dai faɗi maganar ne daidai lokacin da nake wucewa.

Daminar ta yi ruwa sosai, ruwan tsakar gida ya riƙa shigo mini ɗaki. Na dami Auwal har ya kawo birkila, wani Basiru, ya yi mini dandamalin siminti a bakin ƙofa. Ranar Litinin da hantsi Basiru na haƙa, sai digarsa ta daki wani abu da ba dutse ba. Ya sa hannu ya share ƙasa, ya ja da baya, ya ce a kira masu gida.

Tukunya ce, a kwance cikin toka, daidai inda mijina ke taka ƙafa kullum in zai shiga ɗakina. An kife mata kasko an liƙe da laka. Basiru ya ciro ta da shebur don kada hannunsa ya taɓa, ya ajiye a tsakar gida, ya tattara kayansa ya ce yana da wani aiki a Tudun Wada. Bai dawo ba.

Ya Kaka ta daɗe tana kallon tukunyar, sannan ta dube ni. “To,” ta ce. “Ga turken.”

“Ya Kaka, in ni na binne, ni zan kira mai tonowa?”

“In Allah zai tona asirin mutum, da hannunsa yake sa shi ya tona.”

Kafin azahar unguwa ta ji. Mata suka riƙa shigowa, wai sun zo gaida Ya Kaka, idonsu na kan tukunya. Aka kira Malam Kashim, limamin masallacin unguwa. Mutumin kirki ne, bai ce ni ce ba, bai ce ba ni ba ce. Ya ce kada kowa ya buɗe, don ba a san abin da aka yi nufi da shi ba. A rufe ta, ranar Juma'a bayan an sauko zai zo a yi addu'a a fitar da ita bayan gari a ƙone. Aka kife mata kwando aka ɗora dutse.

Za ka ce ai ni da na haddace aikin taba ya kamata in gane. Na yi tunanin, har na ruga wurin Baba na durƙusa na ce, “Baba, ko taka ce?” Ya zo ya ɗaga kwandon, ya tsuguna, ya jujjuya tukunyar. Ya Kaka na tsaye, Auwal na tsaye, da mata biyu 'yan kallo.

“Uku na binne, uku na tono,” in ji shi. “A bayan ɗakina. Nan madafa ce, me zai kawo ni madafa?” Ya shafa lakar. “Ba shaidata. Ban taɓa binne tukunya ba shaida ba.” Ya kankare ɗan gefe ya shinshina. “Amma akwai kashin shanu a lakar. Da toka.” Goshinsa ya tattare. Sai ya ɗora yatsunsa a kan sawun yatsun da suka bushe a jikin lakar, nasa suka rufe su har da saura.

“Wannan hannun mace ne,” ya ce.

Da zuciya ɗaya ya faɗa, kamar mai duba haƙoran bijimi. Bai ma lura da abin da ya yi mini ba. Matan nan biyu suka dubi juna suka yi sallama. Na ji kamar in haɗiye zuciya in mutu.

Daga ranar Ya Kaka ta daina cin abin da na dafa, ta hana Auwal shan ruwan randata. Shi kuwa gogan naka ya rasa inda zai sa kansa. In yana ɗakina ya ce ya san ba zan aikata ba. In ya fito daga wurin gwaggonsa ya ce, to amma wa ya sa ta a nan? Ranar Talata ya ce mini, yana kallon bango, “Ki je gida ki huta kwana biyu, kafin ƙura ta lafa.”

Na san irin wannan kwana biyun. Matar da ta bar gidan miji da sunan ta binne masa asiri, ko takarda ba ta biyo ta ba, sunan ya riga ya bi ta. Ba a Hausari kaɗai ba, har Damagum. Kuma Khalida za ta tashi ana nuna ta da baki. Na yi masa masifa son raina, ya tsaya ya sha, bai canza magana ba. Aka sa ranar Alhamis.

Abin da ban gaya wa kowa ba a lokacin shi ne, ni kaina na fara shakka. Ban binne komai ba, wannan na sani. Amma ranar jere, da dangina mata suka zo shirya mini ɗaki, har da gwaggona Dada, kuma na san halinta. Ba ta zuwa biki hannu biyu, kullum akwai wani ƙulli a bakin zaninta da wani malami ya ba ta. Sun yini a ɗakin su kaɗai, ƙofa a rufe. To in ita ce fa? In aka ƙone tukunyar ba a buɗe ba, na tafi da zargi har abada. In aka buɗe aka ga layu da gashin kai, na tafi da hujja. Na rasa wanne zan roƙi Allah.

Ranar Laraba, ranar kasuwar shanu, Baba bai je kara ba. Auwal ya ce tun da ya yi wayo bai taɓa ganin haka ba in ba jinya ba. Baba ya jawo tabarmarsa kusa da kwandon ya yini a nan, igiya a cinya bai tufka ko kamu ɗaya ba. Ina jin sa yana lissafin tukwanensa da yatsu. Ta shekarar da aka haifi wane. Ta shekarar da rijiya ta rufta. Ya je bayan ɗakinsa ya tsaya a kan tsofaffin ramuka, ya dawo. Da la'asar ya kira ni.

“'Yar nan, na taɓa binne wani abu a ƙofarki?”

“Baba, ni zan tambaye ka.”

“Kaina ya zama rariya,” ya ce. “Hancina na cewa na san ta, idona na cewa ban san ta ba.” Na ga tsoro a fuskarsa, ba na tukunyar ba, na kansa. Tausayinsa ya kama ni, ni da ya kamata a tausaya wa.

Alhamis da safe na ɗaure akwati, na goya Khalida. Auwal ya fitar da akwatin bakin zaure ya aika a kira ɗan acaɓa. Na je na durƙusa gaban Baba in yi masa sallama. Ya dube ni, ya dubi goyona.

“Ina za ki?”

“Gida, Baba.”

“Nan ina ne?”

Bai jira amsata ba. Ya miƙe, ya ture dutsen, ya jefar da kwandon, ya ɗauki taɓarya. Ya Kaka ta fito da sauri tana cewa, “Yaji, Malam ya ce kada a buɗe.” Ya ce Malam bai taɓa binne tukunya ba. Ya ƙwanƙwasa lakar a hankali, zagaye, yadda wanda ya saba ke yi, har kaskon ya saki.

Wani ƙamshi ya taso, mai nauyi, kamar dabinon da ya daɗe a buhu. A ciki akwai ƙunshin fatar akuya. Ya yanka gefe da wuƙarsa ta igiya, wani baƙin abu ya bayyana, a cure, yana ɗan sheƙi. Ban taɓa ganin tsohuwar taba ba, kuma abin bai yi kama da ganye ba ko kaɗan.

“Taba ce,” in ji Baba.

“Baƙin abu a fatar akuya a ƙofar ɗaki,” in ji Ya Kaka. “Da me kake so asiri ya yi kama? Kai da bakinka ka ce ba taka ba ce. Kai da ka kira jaririya da sunan matarka. Yau kuma mu yarda da hancinka?”

Baba ya dubi ɗansa. Auwal ya dubi ƙasa. Na ga maganar ta soki tsohon, don ya san akwai gaskiya a cikinta. Ya juya ya shiga ɗakinsa, muka ji yana lalube a saman azara, ya fito da lofe, kan na baƙar laka, bututun na kara, duk ƙura.

“Ashe ba ka yar ba,” in ji Ya Kaka.

“Na rantse ba zan sha ba. Ban rantse zan yar ba.”

“To rantsuwar fa?”

“Ciyar da mutum goma ne, na sani. Zan ciyar. In asiri ne ya kama ni, ku gani da idonku. Yarinyar nan ba za ta fita gidana a kan abin da ba a sani ba.”

Ya gutsuri kaɗan ya murza a tafin hannu, ya cusa a lofen da babban yatsa. Ya ce in kawo masa garwashi. Na ɗebo a murhu na ɗora masa. Ya ja sau ɗaya, sau biyu, hayaƙi ya fito fari, a hankali. Ɗan acaɓa ya iso yana ta hon a waje, ba wanda ya kula shi.

Bai yi tari ba. Ya lumshe ido, fuskarsa ta saki, sai kuma ta sake tattarewa.

“Tawa ce,” ya ce. Ya ƙara ja. “Ba tawa ba ce.”

“Kun ji ko,” in ji Ya Kaka.

“Ganyen nawa ne. Zumar ma haka nake sawa. Amma akwai kanumfari. Ban taɓa sa kanumfari ba.” Ya cire lofen daga baki ya riƙe shi a iska. “Wa ke sa kanumfari a komai?”

Ba ni ya tambaya ba, kuma ban san amsar ba. Auwal ne ya ɗago kai. A hankali ya ce, “Inna. Har a kunu.”

Baba ya ajiye lofen ya jawo ƙunshin, ya farke fatar gaba ɗaya. A ƙarƙashinta an naɗe tabar da wani yankin atamfa, shuɗiya mai zanen ganye, ta dafe amma ana gane ta. Ya Kaka ta matso ta sunkuya. Ta kai hannu ta taɓa, ita da ta hana kowa taɓawa.

“Zanin Hansatu ne,” ta ce. Muryarta ta canza. “Ni na ba ta. Ankon bikin 'yata ne.”

Baba ya zauna a ƙasa, ba a tabarma ba, yana lissafi da yatsu kamar jiya, amma yanzu lissafin ya fita. Shekarar bushiya. Ashe Hansatu ba ta zubar ba. Ta riƙa ɗaga dutsen niƙa duk kwana biyu tana juya ganyen da ta tsana, har zazzaɓin ya sauka. Ta cure, ta naɗe, ta kwaɓa laka da kashin shanu, ta zuba toka, duk yadda ta ga yana yi shekara da shekaru. Shaida ce kawai ba ta yi ba. Ta binne a bakin madafarta, inda ba zai taɓa dubawa ba. Shekara goma sha ɗaya ke nan.

“To me ya sa ta ce ta zubar?” Ni na yi tambayar, don na kasa riƙe ta.

“Na ce mace ba ta taɓa mini ganye,” in ji Baba. “Wataƙila ta so sai ta yi damina uku ta fito da ita, in sha in yaba, sannan ta gaya mini.” Ya dubi yayarsa. “To da damina ukun ta cika fa? Ina ta tari da tabar kasuwa a gabanta. Me ya hana ta?”

“Ka bar ta ta yi magana ne?” in ji Ya Kaka. “Shekara shida kana yi mata gori. Ni ma da ni ce sai in bar ka da tarinka.”

Ko haka ne, ko mantawa ta yi, ko tana jiran ranar da zai ce ta yi haƙuri ne, ba wanda zai iya gaya mana. Baba ya ɗauki lofen, garwashin bai mutu ba, ya ƙara ja sau ɗaya. Hawaye na bin gemunsa, bai share ba.

“Ta fi tawa,” ya ce. “Duk wadda na taɓa yi, ta fi ta.”

Ya Kaka ba ta ce in yafe mata ba, ba halinta ba ne. Ta dai fita zaure da kanta ta sallami ɗan acaɓa, ta jawo akwatina da hannu ɗaya har ƙofar ɗaki, ta tsallake ramin Basiru ta ajiye a ciki. Da rana ta aiko a zuba mata tuwona, har ta ce miyar ta yi gishiri, na gane mun shirya. Auwal kuwa ya fi wata guda yana lallashi kafin in dube shi da idon rahama. Bai koma Damaturu ba sai bayan rasuwar mahaifinsa, kuma ba wanda ya ƙara maganar turke.

Washegari Juma'a Malam Kashim ya zo da shirin ƙona asiri, ya tarar ana rabon tuwo ga mutum goma. Ni na tuƙa.

Baba bai ƙara sha ba. Ya naɗe tabar a zaninta, ya mayar cikin tukunya, ya ce in kwaɓa masa laka. Na kawo, ya ce, “A'a, ke za ki liƙe.” Na ce, “Baba, hannuna da albasa.” Ya ce ya sani. Na liƙe, ya ɗauki tsinke zai yi zanensa uku da ɗigo, ya tsaya da hannu a sama, ya ajiye tsinken. Bai binne ta ba, a ƙarƙashin gadonsa ya sa ta.

Ya yi shekara uku bayan haka. A ta ƙarshe kansa ya tafi kusan duka, ba ya gane Auwal, ba ya gane Ya Kaka. In na kai masa kunu yakan riƙe mini hannu ya dube ni da kyau, ya ce, “Hansatu, ashe ba ki zubar ba.” Da farko nakan ce, Baba, ni ce, matar yaron. Sai ya ruɗe, ya shiga waige-waige yana neman ta. Daga baya na daina gyara masa. Nakan ce, “Ban zubar ba, Malam, tana nan.” Sai ya saki hannuna ya sha kununsa.